Ina son karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a: me zan riƙe tun daga sakandare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Burina in karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a. Sai dai makarantarmu ba ta da ɗakin kwamfuta mai aiki, ba mu da malamin Foda Mas, wato darasin ƙarin lissafi mai zurfi, kuma Kemistiri yana ba ni wahala har ina tunanin sakinsa. Wasu sun ce in shiga makarantar koyon kwamfuta lokacin hutu, wai takardar shaidar za ta taimaka mini wajen samun gurbi. Me ya kamata in fi mayar da hankali a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika kawo tambayar nan tun kina aji biyu. Yawancin masu kawo mini irinta sai sakamako ya fito suke zuwa, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya. Na koyar da lissafi a sakandare kafin in koma koyar da 'yan shekarar farko da ta biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, don haka na ga inda yara ke tashi, na kuma ga inda suke sauka.

Ki kwantar da hankalinki a kan rashin ɗakin kwamfuta. Mai shiga jami'a ta hanyar JAMB ba a neman takardar makarantar koyon kwamfuta a wurinsa. Abu uku ake dubawa: sakamakonki na kammala sakandare, makinki na JAMB, da tantancewar da jami'ar kanta take yi bayan haka. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce biyu. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ana rubuta su a matsayin ci, amma ba sa shiga lissafin neman gurbi. Cikin biyar ɗin dole a samu Turanci da Lissafi da Fizis, sauran biyun daga darussan kimiyya. A JAMB kuwa darussa huɗu za ki rubuta cikin awa 2: Turanci tambaya 60, sauran ukun kowanne 40, jimilla 180, a kan maki 400. Turanci da Lissafi da Fizis su ne ginshiƙi ga mai neman kimiyyar kwamfuta. Na huɗun, kundin JAMB ya ba da zaɓi tsakanin Kemistiri, Bayoloji, Kimiyyar Noma, Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa, amma kowace jami'a tana da ikon ƙara nata sharaɗi. Kafin ki cike fom, ki sa a buɗe miki IBASS, wato kundin sharuɗɗan kwasa-kwasai da ke shafin JAMB, ki karanta da idonki abin da jami'ar da kike so ta rubuta a gaban kwas ɗin. Kada ki bar mai shagon rajista ya zaɓar miki darussa bisa abin da ya saba cike wa mutane.

Wannan ya kawo mu kan Kemistiri, kuma maganata a nan gajeriya ce: kada ki sake shi. Jami'o'i da yawa suna ambatonsa da sunansa cikin kiredit biyar ɗin, kuma a wurare da dama za ki sake haɗuwa da shi a shekarar farko. Idan kuma gobe zuciyarki ta karkata zuwa injiniyan kwamfuta, wanda ake yi shekara 5, to Kemistiri wajibi ne a JAMB da WAEC duka. Ba na cewa sai kin ci A1. Ki riƙe shi ya kai kiredit mai kyau. Kuma ki duba da kyau me ke ba ki wahala a cikinsa. Sau da yawa in ɗaliba ta ce mini Kemistiri ya gagare ta, in na zauna da ita sai in tarar lissafin mol da daidaita ma'auni ne suka tsaya mata, wato dai rabo da kaso, lissafin ƙaramar sakandare ne da bai zauna ba. In aka gyara wannan, rabin tsoron ya tafi.

Yanzu ga maganar da na fi son ki ji. Kimiyyar kwamfuta 'yar lissafi ce. A jami'o'inmu da dama, daga cikin sashen lissafi aka fitar da ita ta zama sashe mai cin gashin kansa. Iya buga takarda a Word, da zana katin biki a CorelDraw, da saka wa waya manhaja, duk sana'o'i ne masu amfani kuma ana cin abinci da su, amma abin da za a koya miki shekara 4 wani abu ne daban: yadda za ki ɗauki matsala, ki warware ta zuwa matakai dalla-dalla waɗanda ko na'urar da ba ta da hankali za ta iya bi, sannan ki iya kawo hujjar cewa matakan daidai suke, ki kuma faɗi tsawon lokacin da za su ci.

Bari in nuna miki da misali. Ki ɗauka an ba ki rajista mai ɗauke da sunayen duk masu zana JAMB na shekara guda, wajen mutum miliyan 2, aka ce ki nemo suna ɗaya. In kika bi layi-layi, suna ɗaya kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ki kwashe kwana 23 kafin ki kai ƙarshen littafin. Amma in sunayen a jere suke bisa haruffa, sai ki buɗe tsakiyar rajistar ki duba: sunan da nake nema gaba yake ko baya? Kin yar da rabi ke nan a dubawa ɗaya. Ki buɗe tsakiyar rabin da ya rage, ki sake yar da rabi. Haka, haka. Dubawa 21 ta ishe ki, domin in kika ninka 2 a kanta sau 21 za ki samu 2,097,152. Wannan 21 ɗin shi ne logaridim ɗin da kuke yi a aji kuna tambayar malami ina amfaninsa. Tazarar da ke tsakanin kwana 23 da sakan 21 ita ce abin da ake karantawa a sashenmu, kuma kin ga ba mu taɓa kwamfuta ba muka gano ta.

Ga wani kuma. In yau Talata ce, wace rana ce bayan kwana 100? Ki raba 100 gida 7, saura 2, sai ki ƙirga biyu daga Talata: Alhamis. Wannan lissafin saura, da ke cikin manhajarku ta sakandare, a kansa aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fito da shi a 1977, irin tsarin da ke tsare bayanai in mutum ya shiga asusunsa na banki ta intanet. Haka lissafin tushen lamba, inda kuke mayar da 13 ta koma 1101 a tushe biyu, shi ne harshen da na'urar take ji. Babin set, da babin mandiƙi mai teburin gaskiya da ƙarya, da matiriks, da ƙirga hanyoyin jeri da zaɓi, da lissafin yiwuwa, waɗannan babukan da malamai kan bari sai ƙarshen zango su bi ta kansu a gurguje, su ne za ki tarar suna jiran ki a shekara ta biyu.

Kalmar algoridim ma, wato jerin matakan warware matsala, wadda za ki ji ta kullum, daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi aka samo ta, masanin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kamar yadda aljabara ta fito daga sunan littafinsa. A nan gida kuma akwai Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin cike murabba'in lambobi, irin wanda muke kira hatimi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Ki gwada aikinsa da kanki: ki zana gida tara, uku-uku, ki zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. In kin samu, ki nemi ƙa'idar da za ta cike mai gida 25 kowane layi ya ba da 65, sannan ki rubuta matakan a takarda ki ba ƙanwarki ta bi ba tare da kin ce mata uffan ba. Duk inda ta tsaya tana kallon ki, nan ne umarninki ya yi giɓi. Wanda ya saba da irin wannan gyaran, rubuta manhaja ba zai zame masa baƙo ba.

Foda Mas ba sharaɗi ba ne na samun gurbi a yawancin jami'o'i, amma ina ganin bambancinsa a aji ƙuru-ƙuru. A shekarar farko za a koyar da ke kalkulas cikin zango ɗaya, a babban zaure, ku ɗaruruwa, malami yana can gaba da lasifika. Wanda ya taɓa ganin abin a sakandare yana bita ne, wanda bai taɓa gani ba yana gudu ne a bayan mota. Tunda ba ku da malami, ki samu malamin lissafinku ki gaya masa burinki, ki roƙe shi ko awa ɗaya a mako gare ku ku uku ko huɗu masu irin niyyarki. Malaman lissafi da yawa suna jin daɗin irin wannan roƙon fiye da yadda ɗalibai ke zato. Ki nemi littafin darasin ko da tsoho ne a hannun 'yan gaba da ku. Ba dole sai kin yi rajistarsa a WAEC ba in ba ki shirya ba, karatun ne abin nema. Kuma ko ba don jami'a ba, manhajar lissafi ta JAMB kanta tana ɗauke da farkon kalkulas da matiriks da ƙirga hanyoyin jeri, don haka ba asara za ki yi ba.

Yadda kike karanta lissafin ma abin dubawa ne. Karanta misalin da aka riga aka warware kina gyaɗa kai yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Ki rufe littafin, ki ɗauki takarda, ki warware da kanki. In tambaya ta tsaya miki, ki ba ta minti 20 ko 30 kafin ki leƙa amsa, domin wannan zaman da matsala, ba tare da gajiya ko fushi ba, shi ne rabin aikin mai rubuta manhaja. Tambaya biyar kullum ta fi hamsin a daren jarrabawa.

Sai Fizis, wanda shi ne na fi ganin yana kayar da masu neman kwas ɗin nan. Ba na manta wani yaro da ya zo ofishina da mahaifinsa, dattijo, ya riƙo takardun a cikin leda ya shimfiɗa mini su a tebur ɗaya bayan ɗaya. Makin yaron na JAMB ya fi na yawancin waɗanda aka ɗauka a shekarar. Amma Fizis ɗinsa D7. Uban yana ta tambaya ko akwai wanda za a gani, ni kuwa ba ni da abin da zan ce masa sai dai yaron ya sake zama jarrabawa ya dawo baɗi. Da na tambayi yaron, sai ya ce bai taɓa riƙe kayan gwaji ba sai ranar firaktikal. Wannan ranar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake jaddada miki.

Firaktikal takarda ce mai zaman kanta, kuma makinta yana da sauƙin samu ga wanda ya saba: karanta ma'auni daidai, tsara tebur, zana giraf da sikeli mai kyau, fitar da gangarensa. In makarantarku ba kaya, akwai gwajin da za ki yi a tsakar gida. Ki ɗaura ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita 1, ki rataye shi a ƙusa, ki ɗan ja shi gefe kaɗan ki saki, ki ƙirga zuwa da dawowa 20 da agogon waya. Za ki samu wajen sakan 40, wato kowane zagaye kusan sakan 2. Ki rage zaren zuwa santimita 80, 60, 40, ki maimaita, ki zana giraf na tsawon zare da murabba'in lokacin zagaye. Layi miƙaƙƙe zai fito miki, kuma daga gangarensa za ki fitar da ƙarfin jan ƙasa, kusa da 9.8. Wanda ya yi wannan sau uku da hannunsa ba zai firgita a ɗakin jarrabawa ba.

A cikin Fizis ɗin kuma ki ba babin lantarki kulawa ta musamman. Ki samu batir, da ƙaramin ƙwan tocila, da waya, da makunni biyu. In kika jera makunnan ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, ƙwan ba zai kama ba sai kin kunna wannan da wancan. In kika ba kowanne hanyarsa, zai kama in kin kunna wannan ko wancan. Wannan "da" da wannan "ko" su ne mandiƙin da George Boole ya mayar lissafi a 1854, kuma a 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a MIT ta Amurka, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya aiwatar da shi. Taransisto da aka ƙirƙiro a 1947 makunni ne da ba ya bukatar yatsa, kuma biliyoyinsa ne ke cikin wayar da ke hannun mutane yau.

Turanci kuwa kada ki ɗauke shi darasin 'yan ɓangaren adabi. Rashin kiredit a cikinsa yana rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma shi ne mai tambayoyi mafi yawa a JAMB. Bayan haka, lakca da littattafai da bayanan harsunan manhaja, har saƙon da kwamfuta ke fitarwa in kin yi kuskure, duk da shi suke zuwa. Ki riƙa karanta wani abu da Turanci kullum, ko shafi biyu ne, sannan ki rufe ki faɗi abin da kika fahimta da Hausa. In kin kasa faɗa da Hausa, ba ki gane ba tukuna.

Zan faɗi wata magana da na san ba ke kika tambaya ba, amma za a kawo miki ita kafin ki gama aji uku: cibiyoyin da ake biya a rubuta wa yara amsa. Ina ganin 'ya'yan irin wuraren nan duk shekara. Takarda ta ce A1 a Lissafi, amma yaro ba ya iya warware ma'auni mai baƙi ɗaya. Zangon farko ya faɗi kwas uku, na biyu ya ƙara, kafin shekara ta biyu ta ƙare an ba shi shawarar ya canja sashe ko ya tafi gida. C4 da kika ci da guminki za ta ɗauke ki inda A1 ta saye ba za ta kai ki ba.

To makarantar koyon kwamfuta fa? In kuɗin ba zai takura wa iyayenki ba, ki shiga na ɗan lokaci don hannunki ya saba da madannai, tunda tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma wanda bai taɓa zama gaban na'ura ba yakan ɓata mintuna masu tsada a kan tsoro. Ki yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Amma in zaɓi ne tsakanin kuɗin wannan makaranta da kuɗin littafin lissafi da tsoffin tambayoyin jarrabawa, ki ɗauki littattafan. In akwai wayar Android a gida da za a riƙa ara miki, manhajar Pydroid 3 tana ba ki damar rubuta Python, wani harshen rubuta manhaja, a kanta. Ki fara da ƙananan abubuwa: shirin da zai tara 1 zuwa 100 ya ba ki 5050, wanda zai mayar da lamba tushe biyu, wanda zai karɓi maki ya faɗi ko A1 ne ko C6. Awa biyu a ƙarshen mako ta isa a yanzu. Kada daɗinsa ya janye ki daga Fizis da Kemistiri, don yana da daɗi ƙwarai in ya fara yi miki aiki.

Game da maki, mafi ƙarancin da ake sanarwa duk shekara bakin ƙofa ne kawai, kwas mai cunkoso irin wannan yana cika da waɗanda suka wuce shi nesa. A 2024 wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zana JAMB ba su kai 200 ba, don haka duk makin da kika ɗora a kan 200 yana raba ki da dubban mutane. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko, saboda haka ki san ko jiharki tana cikin yankin jami'ar da za ki sa a zaɓin farko. Ki kuma sani cewa tun da hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta fito da sabon tsarin karatun jami'a a 2022, fannin kwamfuta ya zama gida mai ɗakuna: akwai injiniyan manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai, fasahar sadarwa. Tushensu ɗaya, kuma wani lokaci ɗaya daga cikinsu bai kai kimiyyar kwamfuta cunkoso ba.

Akwai kuma aikin takarda da ke hana mutane gurbi ba tare da sun faɗi komai ba. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka ki yi ta tun bana. Ki tabbata sunanki, da jerinsa, da yadda aka rubuta kowane harafi, da ranar haihuwarki, iri ɗaya ne a NIN da WAEC da NECO da JAMB. A'isha a nan, Aishatu a can, yana iya jawo miki zirga-zirgar watanni. In sakamakonki ya fito, ki je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi, sannan ki riƙa duba shafin CAPS na JAMB, domin ta nan ake ba da gurbi kuma ta nan ake karɓarsa.

In Allah ya sa ba a dace a karon farko ba, hanya ba ta ƙare ba. Akwai IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, wadda in an ci da kyau ake shiga shekara ta biyu ta jami'a kai tsaye, haka ma difloma ta ƙasa daga kwalejin kimiyya da fasaha. In kuma aka ba ki lissafi ko ƙididdiga a maimakon abin da kika nema, kada ki yi saurin ƙi. Ki nemi jerin kwasa-kwasan sashen ki duba, za ki ga da yawansu tare ake ɗaukar su da 'yan kimiyyar kwamfuta a shekara biyun farko, kuma mai digirin lissafi yana iya ɗorawa da kwamfuta a digiri na gaba. Ki gaida malamin lissafinku, ki kuma sanar da ni yadda kuka yi da shi a kan maganar awa ɗayan nan.